Ƙarin Fitila a Babur: Ina Hasken Yake Sauka?

Bara da hunturu, bayan sallar isha, na hau bayan wani ɗan acaɓa daga Roni za mu koma Kazaure. Hazo ya sauka tun la'asar, irin wanda mutum ke jin ƙurarsa a harshe. Mun ɗan yi nisa sai ga wani babur ya ɓullo daga kwana da fitilu uku farare fat, ɗaya a kai, biyu a ƙasa, duk sun kafe mu a fuska. Yaron da ya ɗauko ni ya yi masa dim, ya sake yi, bai kula ba. Ni dai na daina ganin komai, ba titi ba gefen titi, sai wani farin bango. Da ya wuce, duhun da ya biyo baya ya fi na farko kauri. A cikin duhun nan ne yaron ya take birki har na bugi bayansa, tayar baya ta ja a kan yashi. Taku huɗu ko biyar a gabanmu amalanken shanu ce ɗauke da kara, tana tafiya a hannunmu, ba fitila, ba ko ƙyalle mai ɗaukar ido.

Dattijon da ke kanta ya waiwayo ya ce, "Sannunku samari, Allah ya kiyaye gaba."

"Amin, Baba," in ji yaron, muryarsa na rawa. Sai da muka kewaye amalanken muka miƙe sannan ya ce da ni, "Malam, gobe in Allah ya kai mu ni ma sai na sa irin tasa. Wanda ba shi da wuta shi ake kashe wa ido."

Maganar nan tasa ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin ita ce labarin hanyoyinmu a 'yan shekarun nan. Duk wanda ya tsaya bakin titi a Kazaure bayan magariba, ko a tashar 'yan acaɓa a Ɓaɓura, zai ga yadda fitilun ƙari suka yawaita. Wani ya ɗaura biyu a ƙarfen da ke kare inji, wani a gindin madubi, wani ya maƙala doguwa mai kama da sanda a ƙarƙashin kai, wani kuwa tasa shuɗi da ja take walƙiya kamar motar 'yan sanda. Kowa ya sa ne don ya gani. Da aka taru aka sa, sai gani ya ragu ga kowa.

Ba zan fara da ganin laifin masu sawa ba, don na san abin da ya kai su, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Babban titin da ya taso daga Kano ya ratsa Ɗambatta da Kazaure ya nufi Daura shi ne ƙashin bayan wannan yanki, amma yawancin mutane ba a bakinsa suke zaune ba. Da ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, ƙasa ce ta duwatsu da gangare, inda ruwan dare ɗaya a damina kan yanke hanya ya bar kwazazzabo a wurin da jiya ka wuce lafiya. Ɓangaren Ɓaɓura kuma, can kan iyaka da Nijar, rairayi ne mai kama taya ya karkatar da kan babur ba shiri. Kuma ba don nishaɗi ake bin hanyoyin nan da dare ba. Mai naƙuda ce za a kai asibiti a Kazaure ko Ɓaɓura. Mai lambu ne zai fitar da kayan gwari tun kafin asuba don ya riski mota. Ɗan kasuwa ne da bai tashi daga rumfa ba sai da rana ta faɗi. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, sana'ar ta ƙara komawa ta garuruwa da ƙauyuka irin namu, sannan bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 mutane da dama da suka saba da mota suka ajiye ta suka kama babur.

To, da wane haske ake wannan tafiya? Ƙananan baburan da muka fi hawa, su Boxer da Jincheng da Haojue da ire-irensu, galibi ƙwan kansu na wat 35 ne. A da yawa daga cikinsu ma ƙwan ba daga batir yake shan wuta ba, kai-tsaye yake sha daga koyil ɗin da ke cikin inji. Shi ya sa hasken ke bin totur: ka murɗa ya ƙaru, ka saki ya yi ja kamar aci-balbal. Wato a daidai inda hanya ta fi muni, inda dole ka sassauta don rami ko yashi, nan fitilar ke gaza maka. Wanda ya taɓa shiga kwazazzabo da irin wannan haske ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ana cikin haka sai ga fitilar LED. Asalin farar LED aikin wasu masana uku ne 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, waɗanda suka samar da shuɗiyar LED a farkon shekarun 1990, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Daga shuɗiyar ne ake samun farar, kuma ita ce yau a tocila da wayar hannu da fitilar sola. Tana ba da haske mai yawa da wuta kaɗan. Masana'antun Sin suka mai da ita araha, ta biyo kayan gyaran babur zuwa kasuwanni irin su Nnewi da Sabon Gari ta Kano, daga can ta iso teburin mai sayar da kayan babur a kowane gari. Ni a ganina alheri ce. Matsalar ba a yawan haskenta take ba, tana wajen inda ake barin hasken ya sauka.

A nan ya kamata a tsaya a fahimci abin da kamfani ya yi wa fitilar kai, wanda yawancinmu ba mu taɓa lura da shi ba. Ƙwan na da zare biyu a ciki, ɗaya na ful ɗaya na dim. Kwanon da ke bayansa mai ƙyalli kamar madubi an ƙera shi ne daidai da mazaunin zaren nan. In ka sa dim, sai a datse hasken daga sama a kwantar da shi kan hanya. Ka haska bango za ka ga iyakar: ƙasa haske, sama duhu. Wannan iyaka ita ce ke tsare idon mai tahowa. Yawancin fitilun ƙari da ake sayarwa a kasuwanninmu ba su da ita. Haskensu zagaye yake fita kamar na tocila, rabi a ƙasa rabi a sama, kuma rabin saman ba shi da wurin sauka sai fuskar mutane. Haka nan wanda ya cire ƙwan kamfani ya cusa ƙwan LED a tsohon kwanon. Wurin da hasken ke fitowa ya saɓa da inda zaren yake, sai kwanon ya watsa shi ko'ina, dim ɗinsa ma ya koma ful. Mai babur na ganin ya samu ci gaba don ganyen bishiyoyi sun yi fari tas, alhali ramin da ke can gaba bai ƙara fitowa ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, wato lodi. Babur ɗin da aka saita fitilarsa da mutum ɗaya, in aka ɗora masa fasinja biyu da buhun gero a kariya, baya zai zauna, kai ya ɗaga. Fitilar da ke kallon ƙasa da safe, da daddare tana kallon idon jama'a, ba tare da an taɓa ko sukuru ɗaya ba.

A yi lissafin abin da kashe ido ke ci. Mai gudun kilomita 60 a awa yana shafe kusan mita 17 a kowane sakan. Idan haske ya ɗauke masa gani na sakan uku kacal, ya yi mita 50 ke nan a makance, rabin filin ƙwallo. Ko a gudun kilomita 40, ya haura mita 30. A cikin wannan tazara akwai abin da duk hanyoyinmu suka saba ɗauka da dare: jaki, garken shanu na tsallakawa, mai keke ba fitila, yara masu dawowa daga makarantar dare, babbar mota da ta lalace aka jera mata ganye a baya. Ido kuma ba ya dawowa nan take bayan haske ya wuce, kuma gwargwadon shekarun mutum gwargwadon jinkirin dawowarsa. Dattijon da yana ta fara taruwa a idonsa ya fi kowa shan wahala, don yanar na watsa hasken a cikin idon. Abin da mai fitilu uku ke mantawa shi ne mutumin da ya makantar ɗin nan shi yake tunkarowa. A kan siririyar hanya, wanda ba ya gani ba ya san inda hannunsa ya ƙare.

Har shi kansa mai fitilar ba kullum yake cin riba ba. Irin fitilar da ke zuba haske mai ƙarfi a gaban taya tana sa ƙwayar ido ta tsuke, sai abin da ke nesa ya ƙara duhu. Mutum na jin daɗi don gabansa ya yi kamar rana, sai ya ƙara wuta, alhali nisan da yake hangowa ya ragu. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Da hunturu abin ya fi haka. Ƙurar da ke cikin iska tana mai do da haske, kuma in fitilar na sama kusa da tsayin idon direba, hasken da ya dawo kai-tsaye cikin idonsa yake shiga. Shi ya sa fitilar hazo a motoci ƙasa ake sa ta, kusa da titi. Wanda ya ɗaura tasa a gindin madubi ya sa ta a wuri mafi muni ga watannin Disamba da Janairu, ko kuma a bayan motar da ta tayar da ƙura a kan burji.

Game da launi, ana yawan cewa ruwan ɗorawa na ratsa hazo, fari ba ya ratsawa. Maganar ta yi yawa. Babu launin da ke huda ƙura. Gaskiyar da ke ciki ita ce farin da ya karkata zuwa shuɗi ya fi sukar ido, ruwan ɗorawa ya fi sauƙi ga mai kallo da mai tuƙi duka. Faransa ta daɗe a kan wannan ra'ayi: tun daga ƙarshen shekarun 1930 har zuwa 1993 doka ta tilasta wa motocinta fitila ruwan ɗorawa. Don haka in za a zaɓa, ni ruwan ɗorawa zan zaɓa, amma ba zai gyara fitilar da aka saita tana kallon sama ba.

Sai maganar wayarin, inda aljihu ke shan kashi. Akwai wani mai gyaran wutar babur da nake zama rumfarsa wani lokaci. Ran nan ina zaune aka turo wani babur, mai shi na gumi, ya ce batir sabo ne amma sitata ba ta tashi, hon ya shaƙe, tarafiketa ta daina ƙiftawa. Mai gyaran bai ce komai ba, ya cire murfin gefe, ya bi wata siririyar jar waya da yatsa. An fere wayar batir an murɗa ta a kai, an naɗe da salatif wanda zafi ya riga ya saki. Ta bi ta ƙarƙashin tanki, ta goga da ƙarfe har robarta ta cinye, tagulla na leƙowa. Ya ɗago ta ya nuna masa.

"Alhaji, ka ga wannan? Tankin mai ne a samanta. Ba fiyus ko ɗaya tsakaninta da batir. Allah ne ya tsare ka."

"To Malam, ai wanda ya sa mini cewa ya yi ba ta cin wuta."

"Ba ta ci kamar ƙwai, amma tana ci. Injin nan kuwa abin da yake samarwa a ƙayyade yake."

Gaskiya ya faɗa. Lissafin ba wuya: wat shi ne bolt sau amfiya. Babur na aiki da bolt 12. Fitilu biyu masu jan wat 18 kowace sun zama wat 36, wato amfiya 3. Ƙaramin batir mai ɗaukar amfiya 5 na awa ɗaya, in ba caji na shiga, ba zai kai awa biyu da wannan nauyi ba. Cajin da koyil ke turawa kuwa an auna shi ne don hon da tarafiketa da danja da sitata, kuma a tafiyar sannu cikin yashi ya fi ƙaranci. Abin da ke fita ya fi abin da ke shiga, batir ya riƙa ramewa a hankali har ya mutu kafin lokacinsa, a ce jabu aka saya. Wanda kuma ya guje wa batir ya jona LED a layin fitilar kai mai zuwa daga koyil, sai ta riƙa ƙyaftawa ko ta ƙone, domin wutar wannan layi mai kai-da-komo ce, LED kuwa miƙaƙƙiyar wuta irin ta batir take so. Lambar wat ɗin da aka buga a kwali ma ba abin dogaro ba ce. Mai gyaran kirki mita yake sawa ya auna.

Aikin da ya yi wa Alhajin bai ɗauki awa ɗaya ba. Ya sa fiyus dab da batir, yadda in waya ta haɗu da ƙarfe shi zai tsinke kafin ta ɗau zafi. Ya canza wayar da mai kauri, ya zura ta cikin bututun roba, ya ɗaure ta nesa da inji da salansa. Ya sa rile wanda ba ya buɗewa sai an murɗa makulli, don kada a manta fitila a kunne ko yara su kunna ta a zaure. Sannan ya ba ta makunninta daban a kusa da babban yatsa. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Fitilar ƙari matsayin ful take da shi: a kunna a daji inda ba kowa, a kashe da zarar an hango haske ko mutum ko an shigo gari. Wadda aka haɗe da makulli, tana ci muddin inji na ci, mai ita ko yana son ya yi dim ba shi da hali.

Akwai rabin zancen da ba a cika yi ba. Fitila ba don ka gani kaɗai take ba, har don a gan ka. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1981, wanda aka fi sani da rahoton Hurt, ya gano cewa a karon mota da babur, abin da ya fi yawa shi ne mai motar bai lura da babur ɗin ba. Indiya, ƙasar da ake ƙera Boxer, ta wajabta tun daga Afrilun 2017 cewa sababbin babura su riƙa tafiya da fitila a kunne ko da rana. Ta wannan fuska ƙananan fitilu biyu a ƙasa, masu kallon titi, suna da amfani na gaske a kan hanyar Kano zuwa Daura. Ɗigon haske ɗaya yana da wuyar aunawa, direban tirela kan ɗauke shi a matsayin mota mai ido ɗaya ko abin da ke can nesa. Uku, wato su biyun da ta kai, a tsarin duwatsun murhu suna nuna masa cewa babur ne, kuma ga nisansa. Wannan aiki ba ya buƙatar ƙarfin haske ko kaɗan.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ka ga babur gabansa kamar filin biki, bayansa duhu ƙirin. Danja ta mutu tun bara, ko ta fashe, ko buhu ya rufe ta. Mutumin da ke tafiya a hankali da lodi a kan babban titi, haɗarinsa daga baya yake tahowa, kuma ƙwan danja bai kai kuɗin fitilar ƙari ɗaya ba. Wasu ma farar LED suke sawa a baya, abin da ke sa na bayansu ya zaci tahowa suke. Ja a baya, fari ko ruwan ɗorawa a gaba: a kan wannan duk direbobin duniya suke karanta hanya da dare. Shuɗi da ja masu walƙiya kuwa na jami'an tsaro da motar asibiti ne, ba kayan ado ba ne. Ita ma amalanken da muka kusa daka, da an manna mata jar sitika mai ɗaukar ido a katakon baya, da tun daga nesa ƙwan wat 35 ya nuna mana ita.

Doka ba ta yi shiru ba. Ƙa'idar hanya ta ce a yi dim ga mai tahowa, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da laifin fitila a jerin laifuffukan da take cin tara a kai. Amma ba wanda zai sa ran ganin jami'i a tsakanin Gwiwa da ƙauyukanta ƙarfe goma na dare, kuma ba na goyon bayan a bi talaka ana ƙwace masa fitilar da ita ce ke kai matarsa asibiti. Waɗanda ke da iko a kan wannan lamari su ne masu wayarin, da shugabannin tashoshin acaɓa, waɗanda dama suke yanke wa mambobinsu hukunci a kan layi da kuɗin ƙungiya. Tashar da ke iya hana mutum lodi don ya tsallake layi tana iya hana shi don danjarsa ba ta ci. Ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu a cikin Kazaure. Ɗalibanta da gwangwanin fenti ɗaya za su iya ja wa kowace tasha layin awo a bango, su nuna wa masu gyara yadda ake amfani da shi.

Awon kansa kowa zai iya yi a ƙofar gida, na kuwa yi shi da babur ɗin ɗan yayata bayan na dawo daga waccan tafiya. Muka sami wuri mai daidai, muka tsayar da babur taku biyar manya daga bango, kamar mita 5, shi yana zaune a kai. Na auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa da kara, na kai karan bango na ja layi da gawayi. Ƙa'idar ita ce iyakar hasken dim ta sauka ƙasa da layin da kamar santimita 5, faɗin yatsu uku. Tasa ta haura layin da fiye da taƙi guda, fitilun ƙari biyu da ya sa kuwa har indararo suke haskawa. Ya goge gilashin da ya yi dusu-dusu da ƙura, muka sassauta kusoshin kai muka sunkuyar da shi, muka kwantar da na ƙarin har haskensu ya tsaya ƙasa da na dim. Sannan na ce ya kira ƙannensa biyu su hau baya. Suna zama hasken ya sake tsallake layin gawayin, sai da muka ƙara sunkuyar da kan, muka kuma ɗaure shokazoba zuwa matakin lodi.